Ƙofofin nan ja na Kyoto: tarihin Fushimi Inari

Wata ɗaliba mai karatun tarihi ta yi tambaya. Ta ce ta sha ganin hoton wasu jajayen ƙofofi da aka jera reras a jikin wani dutse a Japan, har sun zama doguwar rumfa da mutane ke bi ta ciki. An gaya mata wurin bauta ne na addinin Shinto, kuma ya haura shekara dubu. Tana son ta san wa ya kafa shi, ko ƙofofin ma sun kai waɗannan shekaru, da kuma ko gaskiya ne yanyawa ake bauta wa a can.

Malama, wurin da kike nufi shi ne Fushimi Inari Taisha, a gundumar Fushimi da ke kudancin birnin Kyoto, a gindin wani dutse mai suna Inari wanda tsayinsa mita 233 ne. Shekarun da aka faɗa miki gaskiya ne, har ma sun fi haka, domin masu wurin suna ƙirga kafuwarsa daga shekarar 711, kuma a 2011 suka yi bikin cika shekara 1,300. Amma ƙofofin da kika gani su ne ƙannen komai a wurin. Na katako ne, suna ruɓewa, ana cirewa ana kafa sababbi. Al'adar kafa su ma sai a zamanin Edo ta yaɗu, wato tsakanin 1603 da 1868. Yanyawa kuwa ba ita ce abar bautar ba, a imaninsu 'yar aike ce. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a tarihin wurin shi ne yadda ya daɗe bai mutu ba: duk lokacin da hanyar cin abincin mutane ta sauya, sai ya bi su, kuma kuɗin talakawa da 'yan kasuwa ne ya fi riƙe shi, ba taskar sarki ba.

Shinto ba shi da wani mutum guda da ya kafa shi, ba shi kuma da littafi guda da kowa ke komawa gare shi. Mabiyansa suna girmama abin da suke kira kami, waɗanda suke ganin suna zaune a duwatsu, koguna, itatuwa, ko kuma ruhin magabata ne. Shi ya sa a tsofaffin wurare irin wannan, dutsen ya riga ginin. An tono madubai na tagulla a saman dutsen Inari, irin waɗanda ake binne manya da su ɗaruruwan shekaru kafin 711, wanda ke nuna mutane sun daɗe suna ɗaukar wurin da daraja. Saboda haka 711 shekarar da aka tsayar da bautar a hannun wani gida ce, ba ranar da aka fara hawa dutsen ba.

Gidan nan shi ne na Hata. Zuriyar baƙi ne da suka ƙetaro daga yankin Koriya, suka zauna a kwarin da daga baya ya zama Kyoto tun kafin a yi birni a wurin. Sun zo da sana'o'in da suka ba su arziki: kiwon tsutsar siliki, saƙa, haɗa giyar shinkafa, da kuma sanin yadda ake tare kogi a janyo ruwa zuwa gona. Su ne suka yi madatsa a kogin Katsura, suka mai da fadamun wurin gonakin shinkafa. Hannunsu na cikin kafa haikalin Buddha na Koryu-ji da wurin bautar Matsunoo da ke yammacin Kyoto. In kin riƙe wannan, sauran tarihin zai zo miki da sauƙi: mutanen da suka iya ruwa da shinkafa su ne suka kafa wa kami na shinkafa, wanda shi ma ake kira Inari, mazauni.

Akwai tatsuniyar asali da ta zo a wani tsohon kundin Yamashiro, lardin da Kyoto take ciki a da, wanda guntayensa kawai suka rage. Wani attajiri na gidan Hata mai suna Irogu ya tara shinkafa har ta sa shi girman kai. Sai ya ɗauki curin shinkafar da aka kirɓa, abin da suke kira mochi, ya kafa shi ya zama abin gwada harbin kibiya. Da ya harba, curin ya rikiɗe ya zama farin tsuntsu, ya tashi ya sauka a ƙololuwar dutsen, shinkafa ta tsiro a inda ya sauka. Jikokinsa suka yi nadamar wulaƙanta abinci, suka riƙa ciro ɗan itace daga dutsen suna dasawa a gida: in ya kama, alamar albarka, in ya bushe, akasin haka. Har yau a bikin Hatsu-uma na watan Fabrairu, wanda ke tuna ranar kafuwar, ana ba masu ziyara reshen itacen sugi su kai gida. Ina ganin wannan labari ya fi kowace takardar fada bayyana zuciyar wurin, domin tun farko gargaɗi ne ga mai dukiya kada ya raina abin da ya ciyar da shi.

Sa'ar wurin ta zo a 794, lokacin da Sarki Kanmu ya mai da babban birni zuwa Heian-kyo, wato Kyoto ta yau. Dutsen da ke gefen gonakin wani gida ya wayi gari a bakin ƙofar fadar ƙasa. A 823 aka danƙa wa Kukai, babban malamin da ya kawo ɗariƙar Shingon ta addinin Buddha daga ƙasar Sin, haikalin To-ji da ke kudancin birnin. Da aka tashi gina masa hasumiya, sai aka sare itatuwa daga dutsen Inari. A 827 Sarki Junna ya kwanta rashin lafiya, masu duba na fada suka ce fushin Inari ne saboda itatuwan da aka sare. Maganin da fada ta yi shi ne ta ba kami ɗin muƙami. Wannan zai iya zama baƙon abu gare ki, amma a Japan ta wancan zamani ana ba kami daraja hawa-hawa kamar yadda sarki ke naɗa sarauta yana ɗaga mai ita. An fara da ƙaramin mataki a daraja ta biyar, aka yi ta ƙarawa, har a 942 aka kai shi matakin ƙoli. Kafin nan, kundin dokokin fada na 927 ya riga ya sa shi cikin manyan wuraren bauta, daga baya kuma ya shiga rukunin bakwai na sama cikin wurare 22 da fada ke aika wa sadaka in an shiga fari ko annoba. Rigimar itace kuwa ta ƙare da zumunci. Inari ya zama mai tsaron To-ji, har aka samu labarin da ke cewa Kukai ya haɗu da wani tsoho ɗauke da dammunan shinkafa a ƙofar haikalin, ya gane shi ne Inari. Daga nan har shekara dubu, Shinto da Buddha a cakuɗe suke a wannan dutse.

Ba manya kaɗai ke hawa ba. Wajen shekara ta 1000, Sei Shonagon, wata baiwar Allah mai hidima a fada, ta rubuta yadda ta fito da asuba don ziyarar Inari, hantsi ya yi tana tsakiyar hawa, zafi ya dame ta, ta gaji har ta zauna tana hawaye. Sai ga wata mata tana saukowa tana gaya wa mutane ta ƙudura hawa bakwai a ranar, ta riga ta yi uku. Marubuciyar ta sa wannan cikin abubuwan da suka ba ta sha'awa har ta so a ce ita ce. Hanyar da ake bi yau ta kai kimanin kilomita huɗu zuwa sama da dawowa, tana cin awa biyu zuwa uku.

Yanzu batun yanyawa, dabbar nan mai kama da dila da suke kira kitsune. Kami biyar ake girmamawa a babban ɗakin, jagoransu Ukanomitama, mai kula da hatsi, kuma babu yanyawa a cikinsu. Gumakanta da ke tsaye bibbiyu a bakin ƙofofi na masu aike ne, kuma masu wurin suna cewa ba irin ta daji ake nufi ba, wata fara ce da ido ba ya gani. Ki lura da abin da ke bakinsu: wata na riƙe da mabuɗin rumbu, wata zangarniyar shinkafa, wata dunƙulen jauhari, wata naɗaɗɗiyar takarda. Bayanin da ya fi kwanta mini shi ne na manoma: dabbar tana saukowa daga dutse kusa da gonaki a lokacin da aikin noma ke farawa, tana cin ɓerayen da ke ɓarnar hatsi, daidai da imanin da ke cewa kami na dutse yana saukowa gona da bazara ya koma bayan girbi. Addinin Buddha ya ƙara ƙarfafa haɗin, domin a ɗariƙar Shingon akwai Dakiniten wadda ake zanawa a kan farar yanyawa, aka kuma ɗauke ta ɗaya da Inari. Duk da haka, wanda ya ce miki ana bauta wa yanyawa bai ƙaga daga iska ba. A wurin talakawa da yawa iyakar ba ta fita sosai, suna kai mata soyayyar awara don an ce ita ce abin da ta fi so, kuma sun daɗe da imanin cewa tana iya shiga jikin mutum. Daga nan aka samu abincin da ake kira inari-zushi, shinkafa a cikin aljihun soyayyar awara.

Mafi munin abin da ya faɗa wa wurin shi ne yaƙin Onin, wanda ya ci Kyoto daga 1467 zuwa 1477. Gidaje biyu na mayaƙa, Hosokawa da Yamana, suka raba birnin gabas da yamma. Wani shugaban dakaru mai suna Honekawa Doken, wanda ke ɓangaren Hosokawa, ya kafa sansani a dutsen Inari don ya tare hanyar abincin abokan gaba. A 1468 rundunar yamma, wato ta Yamana, ta auka masa, aka kashe shi, wuta ta cinye gine-ginen ƙasa da na saman dutse gaba ɗaya. A lokacin fada ba ta da abin da za ta bayar, shogun, shugaban mulkin soja, ma ba shi da iko. Waɗanda suka tashi wurin su ne wasu malaman Buddha masu yawon neman taimako, suna bi gari-gari suna tara abin da mutane suka iya bayarwa. Sai a 1499 aka kammala babban ɗakin, kuma shi ne ke tsaye har yau. Nan ne amsar tambayarki ta tsufa take: ginin da ya fi cancanta ki tsaya ki duba shi ne wannan, mai sama da shekara 500, wanda yawancin masu ɗaukar hoto ke wucewa da sauri. Ɗakunan saman dutsen ba a sake gina su ba. An haɗa kami biyar ɗin a ƙarƙashin rufi ɗaya a ƙasa, wuraren da ɗakunan sama suke a da kuma suka zama kufai masu tsarki da ake kewayawa. A ganina wannan gobara ce ta sauya halin wurin. Tun daga lokacin ya koyi dogara da jama'a.

Babbar ƙofa mai bene da ke gaban ɗakin kyautar Toyotomi Hideyoshi ce, ɗan talakan da ya haɗe Japan a hannunsa. Mahaifiyarsa ta yi ciwo mai tsanani, ya yi bakancen in ta tashi zai ba da koku 10,000 na shinkafa, kuma koku ɗaya shi ne kimanin abin da mutum zai ci a shekara. Ta samu sauƙi, aka gina ƙofar a 1589. Da aka kwance ta don gyara a 1973, an ga rubutun tawada a jikin katako mai ɗauke da wannan shekara. Shi dai wannan Hideyoshi ya taɓa rubuta wa Inari wasiƙa lokacin da aka ce yanyawa ta shiga jikin 'yar riƙonsa, matar Ukita Hideie, yana gargaɗin cewa in ba a janye ta ba zai sa a yi farautar kowace yanyawa a ƙasar. Ga tsoro, ga kusanci, duka a wurin mutum ɗaya.

Zamanin Edo ne ya mai da mai gadin gona ya zama mai gadin kanti, kuma dalilin a bayyane yake. Shinkafa ita ce ma'aunin dukiya. Da ita ake biyan haraji, da ita ake biyan albashin mayaƙan da ake kira samurai, da koku ake auna girman kowane hakimi. A Osaka, kasuwar shinkafa ta Dojima, wadda gwamnati ta amince da ita a 1730, har cinikin amfanin da bai nuna ba ake yi. Wanda ke kula da shinkafa ya zama mai kula da kuɗi ke nan. 'Yan kasuwa, maƙera, masu haɗa giya, 'yan wasan dandali, kowa ya rungumi Inari. Abin da ya sauƙaƙa yaɗuwar shi ne imanin Shinto cewa ana iya raba ruhin kami a kai wani wuri ba tare da na asali ya ragu ba. Mutum zai zo Fushimi ya karɓi rabonsa da takardar shaida, ya kai bayan gidansa ko kusurwar kantinsa ya gina ɗan ƙaramin ɗaki. A birnin Edo, Tokyo ta yau, suka yi yawa har mutanen gari ke cewa abubuwa uku ba sa ƙarewa a titi: kantunan 'yan Ise, ɗakunan Inari, da kashin kare. Yau ana ƙiyasta wuraren bautar Inari kusan 30,000 a faɗin Japan, Fushimi ce uwarsu, ban da ƙananan da ke kan rufin kamfanoni da harabar masana'antu.

Daga wannan ƙasa ƙofofin suka tsiro. Sunansu torii, kuma a kowane wurin Shinto alama ce ta cewa an bar wuri na yau da kullum an shiga mai tsarki. A Fushimi sai suka zama abin godiya: wanda ya roƙi buƙata, ko ta biya, sai ya biya kuɗin kafa guda. Akwai kimanin 10,000 a dutsen. Sashen da kike gani a hoto, Senbon Torii, ƙanana ne da aka matse su a layi biyu. In kina hawa, fuskar da ke kallonki kalmar sadaukarwa kawai ke jikinta. Sai kin juyo za ki ga baƙin rubutu a bayan kowace: sunan wanda ya bayar ko kamfaninsa a ginshiƙi ɗaya, ranar kafawa a ɗayan. Yawancin ranakun na 'yan shekarun nan ne. Ƙarama tana cin ɗaruruwan dubban yen, kuɗin Japan, babba ta haura miliyan. Jan launin asalinsa daga ma'adinin zaiba ne, wanda aka daɗe ana shafa wa katako don ya jure, kuma suna ɗaukarsa launin rai da korar sharri. Amma dutsen mai laima ne, gindin katako yana ruɓewa, don haka kullum akwai masu aikin cire tsohuwa da kafa sabuwa.

A 1868 sabuwar gwamnatin Meiji ta ba da umarnin raba Shinto da Buddha, don tana son Shinto ya zama ginshiƙin mulkin sarki. A Fushimi akwai haikalin Buddha mai suna Aizen-ji a cikin harabar, wanda ya gaji aikin malaman nan masu tara taimako. Aka rufe shi, aka kwashe gumakan Buddha. Ra'ayin tsarkake Shinto daga abin da ya shigo daga waje yana da saiwa a nan ma, domin Kada no Azumamaro, wanda ya rayu daga 1669 zuwa 1736 kuma yana cikin jagororin masu wannan tunani, ɗan gidan masu hidimar Fushimi Inari ne. A 1871 aka sa wurin a sahun farko na wuraren bautar gwamnati. Ni ina ganin wannan rabuwa asara ce babba ga tarihi, don an yanke abin da ya yi shekara dubu a haɗe cikin ɗan lokaci. Wasu wuraren sun zaɓi ɗaya ɓangaren: Toyokawa Inari da ke lardin Aichi har gobe haikalin Buddha ne na ɗariƙar Soto.

Jama'a ba su bi tsarin gwamnati yadda aka so ba. A daidai zamanin da ake ƙoƙarin daidaita bauta a kan tafarki ɗaya, mutane suka fara hawa dutsen da duwatsu sassaƙaƙƙu, kowa ya rubuta sunan da shi yake kiran Inari da shi, ya kafa a kusa da kufan nan na sama. Su ake kira otsuka. An yi ƙoƙarin hanawa, suka riƙa kai su da dare, daga baya aka haƙura. Yanzu sun haura 10,000, cunkushe a saman dutsen, da ƙananan torii da kyandir a gabansu. Ƙungiyoyin masu bauta ne ke kula da su, sau da yawa a ƙarƙashin jagorancin wasu masu duba da ake kira odai, galibinsu mata. Duk wanda ya tsaya a Senbon Torii ya juya bai ga wannan ba, alhali nan ne addinin mutanen yake da rai.

Bayan Japan ta sha kashi a yaƙin duniya na biyu, hukumar mamayar Amurka ta fitar da umarni a Disamba 1945 da ya raba Shinto da gwamnati. Kyoto ba ta sha ruwan bama-bamai irin na Tokyo da Osaka ba, don haka gine-ginen suka tsira. A 1946 wurin ya zama ƙungiyar addini mai cin gashin kanta, ya ɗauki sunan Fushimi Inari Taisha, bai kuma shiga ƙarƙashin Jinja Honcho ba, ƙungiyar da ta haɗa wuraren Shinto kusan 80,000. Ba a biyan kuɗin shiga, ba a rufe hanyar dutsen dare ko rana, kuma a kwana uku na farkon shekara mutane sama da miliyan biyu da rabi ke zuwa, da yawansu masu kantuna da ma'aikatan kamfanoni masu roƙon kasuwa ta yi albarka. Tashar jirgin ƙasa ta Inari tana daf da ƙofar, mintoci kaɗan daga babbar tashar Kyoto.

Bukukuwan shekara har yanzu na manoma ne. A watan Yuni ana dasa shinkafa a gonar da ke cikin harabar, a Oktoba a girbe, ranar 8 ga Nuwamba kuma a kunna babbar wuta ta godiya, a ƙona dubban sanduna da mutane suka rubuta buƙatunsu a jiki. Dokar 1868 ma ba ta goge komai ba. A bikin Inari Matsuri, ana fitar da akwatunan bauta biyar a watan Afrilu zuwa wani masauki kusa da tashar Kyoto, inda suke kwana da kwanaki a tsakiyar unguwannin da ke ƙarƙashin wurin. Ranar 3 ga Mayu, a hanyar komawa, ayarin yana tsayawa a ƙofar To-ji, malaman Buddha su fito su yi karatunsu su miƙa sadaka, sannan a wuce da akwatunan zuwa Fushimi.